Kundin Gwajin Mafarkin Ankara a Makka

Juma'a, 4 ga Oktoba, 2024

An buɗe kundin nan yau bayan la'asar. Aiki biyu ne a gabanmu, kuma na biyun ba ya tsayuwa sai a kan na farko: mutum ya riƙa tuna mafarkinsa idan ya tashi, sannan ya kai inda zai gane mafarki yake yi tun yana ciki, bai farka ba. Wannan na biyun muka raɗa wa suna mafarkin ankara, don haka abin yake zuwa: kana tsakiyar lamari sai ka ankara. Larabawa suna ce masa alhulmul wa'i.

Mu tara ne, duk mazauna Makka, tsakanin Misfala, Shara Mansur da Aziziyya: ɗalibai uku, direbobi biyu, tela, mai gadin dare, da mata biyu da za su riƙa turo bayaninsu ta WhatsApp. Ba za a kama sunan kowa ba.

Wani likita ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, shi ya sa wa abin sunan da Turawa ke kiransa da shi, wato lucid dream, a 1913. Amma an daɗe ana musun cewa mai barci zai iya sanin barci yake yi. Ido ne ya kashe gardamar. A 1953 Aserinsky da Kleitman na Jami'ar Shikago suka gano cewa akwai wani kashi na barci da ƙwayar ido ke kai da komo a ƙarƙashin fata, kuma a nan ne mafarki ya fi yawa da haske. A wannan lokaci ƙwaƙwalwa kan ɗaure gaɓoɓin jiki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani, sai ido da numfashi ta bari a sake. Keith Hearne na Jami'ar Hull a Ingila ya yi amfani da wannan kafa: ya yi yarjejeniya da wani mai suna Alan Worsley cewa idan ya ankara a mafarki ya juya idonsa hagu da dama, kuma ranar 12 ga Afrilu, 1975 na'ura ta ɗauki alamar yana cikin barci. Stephen LaBerge na Jami'ar Stanford a Amurka ya yi irin wannan gwaji da kansa, ya wallafa a 1981. Wani nazari na 2016 da ya tattara binciken shekara 50 ya nuna kusan mutum 55 cikin 100 sun taɓa yin irin wannan mafarki ko da sau ɗaya, 23 cikin 100 kuma suna yi akalla sau ɗaya a wata.

Dokar farko: mako huɗu na farko babu mai neman ankara. Tunawa kaɗai za a yi.

Kayan aiki: littafin rubutu mai bango mai tauri, wanda za a iya rubutu a kansa ana kwance, biro a maƙale a shafin da za a buɗe, ƙaramar tocila mai rage haske. Wanda zai naɗi murya a waya ya sa ta a yanayin jirgi tun kafin ya kwanta. Kowane dare a rubuta kwanan wata da lokacin kwanciya a saman shafi kafin a kashe fitila.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Mako guda, kuma littattafai biyar cikin tara kusan fari fat. Da aka duba lokutan kwanciya sai dalili ya fito da kansa.

Barci zagaye-zagaye yake tafiya, kowane zagaye kimanin minti 90. A zagayen farko da na biyu barci mai nauyi ne ke cin kaso mafi tsoka, barcin motsin ido kuwa 'yan mintuna ne, goma ko ƙasa. Yadda dare ke ja haka yake tsawo, har na ƙarshe ya kai rabin awa ko fiye. A jimla yakan ci kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na barcin babban mutum, kuma mafi yawansa a sulusin ƙarshe. Yanzu asuba a Makka tana kusan ƙarfe 5. Wanda ya kwanta 10:30 ya samu awa shida da rabi, zagaye huɗu ke nan. Wanda ya raba dare yana hira har 1:30, kamar yadda aka saba a garin nan, awa uku da rabi ya samu: ya ci tuwon ya bar miyar. Ba tunawa ce ta gaza masa ba, mafarkin ne bai samu fili ba.

Matsala ta biyu ita ce yadda ake tashi. Ƙararrawa mai tsawa, a zabura, a lalubi takalmi, a nufi alwala. Kafin ruwa ya taɓa fuska komai ya gudu. Ƙwaƙwalwar mai mafarki ba ta ajiya yadda ta mai ido biyu ke yi. Abin da aka gani yana rataye ne na ɗan lokaci, idan wani tunani ya shigo ya ture shi, shi ke nan. Da sanyin safiya ake kama fara. Ga tsarin da aka tsayar:

A sa ƙararrawa minti goma kafin kiran salla, mai sanyin sauti wadda ke ƙaruwa a hankali. Idan ta buga a kashe ta da hannu ɗaya, a mayar da hannun inda yake. Addu'ar tashi daga barci gajera ce, ba ta kore komai. Daga nan a rufe ido, kada a motsa, a tambayi kai: ina nake yanzun nan, da wa, me ake yi? Duk abin da ya zo, ko launin riga ne ko muryar wani, a riƙe shi a bi shi baya-baya: kafin wannan me ya faru? Mafarki ta wutsiya ake jawo shi. Idan minti biyu suka wuce babu komai, a juya a hankali zuwa ɗaya gefen da aka saba kwanciya a kai, a sake gwadawa. Sannan a rubuta kalma uku zuwa biyar a kan kowane mafarki, misali "jirgi, Goggo, takalmi ɗaya". Cikakken labari sai an dawo daga masallaci. Waɗannan kalmomi su za su janyo sauran.

A rubuta kamar yanzu abin ke faruwa: "ina tsaye a bakin rijiya", ba "na ga kamar ina tsaye" ba. Ranar da ba a tuna komai ba a rubuta "ban tuna ba", a ƙara halin da aka tashi da shi, fargaba ko nishaɗi ko nauyin zuciya. Ba a barin shafi haka nan. Kuma ba a buɗe saƙonni kafin a rubuta. Wannan shi ne ya fi kowace doka shan karya a makon nan.

Masu bincike a Liyon ta Faransa sun lura cewa masu yawan tuna mafarki sun fi sauran daɗewa a farke cikin dare, kusan ninki biyu. Saboda haka wanda fitsari ya tashe shi ƙarfe uku kada ya ɗauke shi asara: ya rubuta kalmominsa kafin ya sauko daga gado.

Juma'a, 18 ga Oktoba

An ga canji wajen masu kwanciya kafin 11. Gyara uku aka ƙara. Gahawa da shayi su tsaya daga la'asar: rabin sinadarin da ke hana barci yana nan a jini bayan kimanin awa biyar, kuma gahawar Larabawa, duk da farinta, tana ɗauke da shi, ƙananan kofunan nan ne ke ruɗin mutum har ya sha bakwai bai ƙirga ba. Kabsa ko mandi a ci awa uku kafin kwanciya, don ƙwannafi kan tsinka barci a inda ba a so. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma kada a ƙure shi har sanyi ya tashi mutum neman bargo.

Mai gadin dare zai bi duk dokokin, sai dai nasa daren daga hantsi yake farawa. Ya sa labule mai kauri.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Mako huɗu sun cika. Ma'aunin wucewa gaba shi ne mafarki ɗaya a mafi yawan darare, da akalla goma sha biyu a rubuce. Shida sun kai. Sauran ukun za su ƙara mako biyu, kuma ba a yi musu rangwame ba, domin wanda ba ya tuna mafarki ko ya ankara a ciki ba zai san ya yi ba.

Aikin yau shi ne fitar da tambari. Kowa ya ɗauki jan biro ya bi littafinsa yana ja wa duk abin da ba zai yiwu a ido biyu ba layi, sannan ya ƙirga wanda ya fi maimaituwa. Abin da ya fito ya ba da dariya don kamanninsa a tsakaninmu. Na ɗaya shi ne haɗewar wurare: a fito ta ƙofar Harami a tsinci kai a Kasuwar Kurmi, ko lungun gidan kaka a Zinder ya ɓulle titin Ibrahim Khalil. Na biyu mamata suna zaune ana cin abinci da su kamar ba a yi komai ba. Na uku takardu da kuɗi: igama, wato katin izinin zama, ta ɓace ana tsaye a layi, ko a miƙa wa mai bakala, wato kantin unguwa, naira ya karɓa ya ba da canji da riyal. Waɗanda aka haifa a nan sun fi samun rikicewar harshe, wani Balarabe maƙwabci yana zuba Hausar Sakkwato. Kowa ya zaɓi tambari uku, ya rubuta su a cikin bangon littafi.

An tattauna gefen addini, kuma ya kamata a rubuta matsayar da aka tsaya a kai. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, baƙanta rai daga Shaiɗan, da abin da mutum ke raya wa kansa. Mafarkin da mutum ya shirya wa tun da rana, ya shiga yana juya shi da kansa, mun ɗauke shi a kashi na uku. Ba a kai shi wurin mai fassara, ba a gina hukunci a kansa, ba a ce an ga wani abu na gaibu. Mummunan mafarki kuwa sunna ita ce a yi tofi sau uku ta hagu, a nemi tsari, a juya kwanciya, kada a ba kowa labari. Don haka a zamanmu ba a karanta shi, alama kawai ake sawa a gefen shafi don ƙirge. Akwai kuma gargaɗin da Buhari ya kawo cewa wanda ya ƙirƙiri mafarkin da bai gani ba za a tilasta masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu ranar alƙiyama. Wannan ya ishe mu dokar gaskiya: inda aka manta a bar gurbi, kada a cike da ƙawa.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

An fara gwajin ido biyu. Asalin dabarar ta masanin halayyar ɗan Adam ne Bajamushe, Paul Tholey: mutum ya saba tambayar kansa da rana, da gaske, "mafarki nake ko ido biyu?" har tambayar ta bi shi cikin barci. Sau biyar zuwa goma a yini. Mun ɗaura biyar a kan fitowa daga salloli biyar, sauran kuma duk lokacin da wani abu ya yi kama da tambarin mutum, kamar ciro igama ko karɓar canji.

Gwaji biyu muka amince da su. A toshe hanci da yatsu, a rufe baki, a ja numfashi: idan iska ta shiga, mafarki ne, domin hancin gaske yana can kan matashi a buɗe. Na biyu a karanta rubutu ko lambobin agogo, a kau da kai, a sake dubawa. A mafarki rubutu ba ya zama wuri ɗaya. Mintsinin kai ba gwaji ba ne, ana jin zafi a mafarki sarai. A ƙara da tambayar "ta ina na biyo na zo nan?", don mafarki ba shi da hanya, a tsakiyar wuri yake jefa mutum.

Inda ake ɓata shi: a yi shi da ka, a taɓa hanci a wuce alhali zuciya ta riga ta yanke cewa ido biyu ne. Wanda ya saba haka, haka zai yi a mafarki, iska ta shiga, ya ce mura ce ta sake shi, ya ci gaba da tafiya. Kowane gwaji ya ci daƙiƙa goma na shakka ta haƙiƙa. Ba mu dogara da wannan dabara ita kaɗai ba. Share fage ce.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Yau aka shiga babbar dabara, kuma zaman ya yi tsawo.

Kashi biyu ce. Na farko, tashi-a-koma: a tashi bayan barcin awa biyar zuwa shida, a zauna a farke na ɗan lokaci, a koma. Dalili shi ne a lokacin jiki ya gama biyan bashin barci mai nauyi, abin da ke gaba kusan duk na motsin ido ne, kuma mutum zai shige shi da sauran wayo a kansa. Gwaje-gwajen LaBerge sun nuna zaman minti 30 zuwa 60 ya fi na minti 10 haifar da ankara. Na biyu, ƙudurta niyya, dabarar LaBerge da ake taƙaita sunanta da MILD. Idan an koma kan gado:

a tuna mafarkin da aka tashi daga cikinsa, ko na jiya idan babu. A nemo tambarin da ke ciki. A riƙa maimaitawa a zuci, "in na sake yin mafarki, zan tuna mafarki nake". Ana faɗa ana hango kai a cikin wancan mafarkin, an kai wurin tambarin, an tsaya, an toshe hanci, an gane. A yi ta zagayawa har ya zama shi ne tunanin ƙarshe kafin barci ya ɗauke. Ba wuridi ba ne da za a ƙirga. Irin niyyar nan ce ta wanda aka ce ya tuna ya sayo gurasar tamis idan ya zo wucewa ta gaban tanda: ya ɗaura abin a kan alama, alamar na bayyana ya tuna.

Denholm Aspy na Jami'ar Adelaide a Ostireliya ya gwada wannan a kan mutum 169 a 2017. Waɗanda suka haɗa gwajin rana da tashi-a-koma da ƙudurta niyya sun ankara a kimanin 17 cikin 100 na dararen da suka gwada. Amma idan barci ya ɗauke mutum cikin minti biyar da gama niyyar, adadin ya kai kusan 46 cikin 100. Saurin komawa barci shi ne ƙashin bayan abin.

A ido, Musulmi ya samu tashi-a-koma kyauta: ya tashi asuba, ya yi alwala, ya je masallaci, ya dawo ya kwanta. Sai dai malamai da dama, cikinsu har da Ibnul Ƙayyim, sun karhanta barci tsakanin asuba da fitowar rana, saboda addu'ar albarka da Annabi (SAW) ya yi wa sammakon al'ummarsa. Huɗu daga cikinmu ba sa kwanciya a wannan lokaci, kuma babu dalilin da zai sa gwajin mafarki ya canja musu ɗabi'a. Saboda haka aka fitar da jadawali biyu.

Na sulusin dare: a kwanta ƙarfe 10. Isha a nan minti 90 ce bayan magariba, ana idarwa da wuri, don haka mai so zai iya. Ƙararrawa ta farko ƙarfe 3. A tashi, a rubuta mafarki, a yi alwala da nafila, a karanta shafi biyu na littafin a hasken tocila. 3:30 a koma a ƙudurta niyya. Ƙararrawa ta biyu wajen 5:10, don asuba yanzu tana kusan 5:15. Tsakanin nan akwai zagaye ɗaya cikakke. Ƙararrawar ta biyu a ajiye ta nesa da gado, mai ƙarfi. A nan an yarda gara a rasa mafarki da a rasa jam'i.

Na bayan fitowar rana: ga masu hutun Asabar. A zauna bayan asuba har rana ta fito, bayan 6:30, a koma gida ba tare da shayi ba, a ja labule, a kwanta. Aibinsa zaman ya zarce awa guda kuma ido ya ga haske, barci kan yi gardama.

Kowanne aka zaɓa, dare biyu a mako, ba a jere ba.

Juma'a, 6 ga Disamba

Babu wanda ya ankara tukuna. Uku sun kasa komawa barci bayan tashin ƙarfe 3, suka yi ta juyi har kiran salla, suka wuni da ciwon kai. Dalilan: fitilar banɗaki mai haske fari, duba waya "don ganin lokaci", da matsa wa niyya lamba kamar mai haddar jarrabawa. An rage musu zaman zuwa minti goma, alwala a hasken tocila, niyya ta minti biyar kawai sannan a sake ta. Biyu kuma akasin haka: suna kashe ƙararrawa cikin magagi, barci ya kwashe su kafin su maimaita jimlar sau uku. Su an ce su sauko daga gado, su yi niyyar a zaune, su cika minti 40.

Ga masu wahalar barci an kawo madadi, zagayen gaɓɓai. Ido a rufe a lura da duhun da ke gabansa na daƙiƙa 20 zuwa 30, a koma kunne a saurari ƙugin mukayyif, a koma jiki a ji nauyin bargo, a sake zagayowa sau huɗu zuwa shida, sannan a juya a yi barci. Binciken Aspy na 2020 a kan mutum 355 ya samu wannan da ƙudurta niyya kusan kunnen doki.

Juma'a, 20 ga Disamba

An samu na farko, har biyu, duk a jadawalin sulusin dare. Ɗaya tambarin kuɗi ne ya ankarar da shi: naira a hannun mai bakala, ya toshe hanci, iska ta shiga. Duka biyun ba su wuce 'yan daƙiƙu ba. Murna ce ke kashe shi. Zuciya ta buga, hoton ya dushe, sai ga silin.

Abin yi a daƙiƙun farko: kada a yi ihu, kada a ruga, kada a ce za a tashi sama. A murza tafin hannu biyu da ƙarfi ana jin ɗuminsu, a dubi ƙasa, a taɓa bango ko tufa, a faɗa a hankali "mafarki ne". Idan ya fara dushewa a juya jiki kamar katantanwa. Hikimar ita ce a cika ƙwaƙwalwa da jin jikin mafarki, don kada ta waiwayi jikin da ke kan katifa. Kuma kada a ƙura wa abu ɗaya ido.

An kuma samu farkawar ƙarya sau uku: mutum ya ga ya tashi, ya ɗauki littafi ya rubuta mafarkinsa tsaf, sai ƙararrawa ta buga ya tarar da shafi fari. Sabuwar doka: duk tashi daga barci, kafin komai, a toshe hanci.

Juma'a, 3 ga Janairu, 2025

Dannau ya ziyarci ɗaya daga cikin ɗaliban, ya nemi ya ajiye aikin. Larabawan nan jasum suke ce masa. Ɗaurin gaɓoɓin nan ne na barcin motsin ido bai saki ba alhali hankali ya riga ya farka: ido a buɗe, jiki ya ƙi, ƙirji kamar an ɗora dutse, wani lokaci da inuwar mutum a bakin ƙofa, domin mafarkin bai gama janyewa ba. Nauyin ƙirjin daga numfashin barci ne, wanda ba shi da zurfi kuma ba ya bin umarni; iska tana shiga. Kusan 8 cikin 100 na jama'a sun taɓa gamuwa da shi, a tsakanin ɗalibai kuwa ya haura kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙarancin barci, tsinka shi, da kwanciya rigingine su ke jawo shi, kuma littafin ɗalibin ya nuna duka ukun: jarrabawa, barcin awa huɗu, ya kuma ƙara da tashi-a-koma a kai.

Idan ya zo: kada a yi kokawa da shi, a motsa ɗan yatsa ɗaya ko harshe ko ido, a karanta Ayatul Kursiyyu a zuci, yakan saki cikin daƙiƙu ko minti biyu. A kwanta ta gefen dama. An dakatar da ɗalibin daga tashi-a-koma har ya gama jarrabawa. Daga yau duk wanda bai samu awa bakwai a daren jiya ba, ba ya gwadawa a daren yau.

Juma'a, 17 ga Janairu

An cire direbobin biyu daga tashi-a-koma gaba ɗaya. Lokacin Umara ne, suna jigila tsakanin Makka da Madina, tafiyar fiye da kilomita 400, kuma gyangyaɗin daƙiƙa uku a kan wannan hanya ya isa. Littafi da gwajin rana kawai za su ci gaba da yi. Haka duk mai fama da rashin barci, ko mai shan maganin ƙwaƙwalwa, ko wanda ya taɓa samun ruɗewa tsakanin gaske da abin da ba gaske ba: sai da izinin likitansa.

An tambayi batun ƙwayoyi. Galantamin maganin ciwon mantuwa ne na tsofaffi. Gaskiya ne a gwajin LaBerge na 2018 a kan mutum 121, miligiram 8 ya kai masu ankara 42 cikin 100, a kan 14 na waɗanda aka ba ƙwayar wofi. Amma yana kawo tashin zuciya da hana barci, yana iya rage bugun zuciya, kuma magani ne na takardar likita. Ba ma amfani da shi. Bitamin B6 kuma, a wani gwajin Aspy an ba da miligiram 240 na kwana biyar, tunawa ta ƙaru. Sai dai buƙatar babba a yini ba ta kai miligiram 2 ba, kuma daɗewa ana shan mai yawa yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa. Ayaba, kifi, kaza da hummus sun wadatar.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Inda aka kwana: takwas suna tuna mafarki a mafi yawan darare, biyar sun ankara akalla sau ɗaya, biyu sun fara maimaitawa. Na taran minshari yake yi mai yankewa, yana tashi da bushewar maƙogwaro da ciwon kai. An ba shi shawarar ganin likitan barci, don ɗaukewar numfashi ta fi tsananta a barcin motsin ido, kuma ba littafi ne maganinta ba.

Ƙailula ba ta ba da komai ba ga masu yin minti 20, kuma ba abin mamaki ba ne, ba ta kai zagaye. Wadda ta kai minti 90 ranar Asabar ta ba da ankara ɗaya.

Masu maimaitawa sun koka cewa suna ankara sai su rasa abin yi, su tsaya sororo har mafarkin ya sake haɗiye su. An ba kowa aiki ɗaya da zai rubuta kafin ya kwanta: ƙirga ɗaya zuwa goma da ƙarfi, ko karanta abin da ke rubuce a allon shago sau biyu, ko ɗebe shida daga takwas. Wannan na ƙarshen daga gwajin 2021 aka aro shi, inda ɗakunan bincike huɗu a Amurka, Jamus, Faransa da Holan suka yi wa mutum 36 tambayoyi suna barci, wasu suka amsa lissafi daidai da motsin ido.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Ana sa ran azumi ranar Asabar, 1 ga Maris, idan an ga wata. Isha za ta koma awa biyu bayan magariba, ga tarawihi, ga sahur kafin wajen 5:20, ga cunkoson Harami. Barci zai rabe gida biyu ko uku da kansa. An dakatar da ƙararrawar ƙarfe 3 har bayan salla. Littafi ya ci gaba, amma a ƙara layi biyu a kowane shafi: lokacin kowane barci dabam, da jimlar awoyin yini. Wanda ke yin dogon barcin hantsi ya ƙudurta niyya kafinsa, minti biyar, don a nan mafarkin zai taru. Goman ƙarshe babu gwaji ko ɗaya.

Zama na gaba Juma'a ta biyu bayan ƙaramar salla. Kowa ya zo da littafinsa da jan biro, za a sake ƙirga tambari, don na wasu sun fara canjawa tun da aka fara kama su.